Badon Injiniya

Mijin yayata mai gyaran famfo ne. 'Yan layinsu suka laƙaba masa Injiniya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har yana gyara tsayuwa in an kira shi da shi. Duk rayuwarsa a bin bututu ta ƙare. Abin da ya tsana a duniya shi ne ruwa ya tsaya wuri guda.

Da ƙarfi ya fara gaza masa ya ajiye aiki, sai ya tsiro da wani sabon salo. Ya kwaso tsofaffin bahunan wanka da masu gidaje suka yar, ya jera su a tsakar gida, daidai inda Yaya take shanya. Ya tafi fadamar bayan gari ya tono saiwar bado, ya haɗo da kainuwa da gemun kwaɗo, ya ce lambun ruwa zai yi.

To, bado ɗan taɓo ne. Laka yake so, da ruwan da ya kwanta ba mai damunsa. Injiniya kuwa duk mako sai ya zare toshiyar baho, ya ciro saiwar ya wanke ta tas kamar mai wanke dankali, ya goge bahon da buroshi, ya cika shi da ruwan famfo mai warin magani. Ganyen ya fito ƙanana, ya yi rawaya, ya ruɓe. Bazara ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, ko toho ɗaya na fure babu. Na ce masa ya ƙyale abin nan ya sarara, ya dube ni sheƙeƙe.

"Ke me kika sani game da ruwa?" in ji shi.

Yaya dai ta gaji da shanya a kan katanga. Ta ce masa, "Baban yara, in bazarar nan ta wuce babu fure, bahunan nan za su bar gidan nan." Ya ce ya ji, fure kuma sai ta gaji da gani.

Ana haka ciwon baya ya kwantar da shi, aka riƙe shi a asibiti makonni. Babu wanda ya kula bahunan. Ruwan ya yi kore, ƙura da busassun ganye suka kwanta a ƙasan bahunan, kwaɗi suka tare. Sai ga ganye faffaɗa ya rufe ruwan. Wata safiya Yaya ta fito da bokitin wanki ta tarar da farin fure ya buɗe a baho ɗaya, cikinsa rawaya, wani na biye da shi.

Abin da ya ba ni haushi, matar da ke neman a kwashe bahunan ita ce ta koma zama a gefensu kullum da safe. Ta hana jikoki taɓawa. Ba ta faɗa masa a asibiti ba, wai so take ya gani da idonsa. Ranar sallamarsa har roƙon direba ta yi ya yi sauri, don furen yana rufewa in rana ta take.

Ina tsakar gidan suka shigo, yana dogara sanda. Ta kamo hannunsa ta kai shi gaban bahon tana murmushi kamar yarinya. Ya tsaya ya leƙa.

"Subhanallahi! Wace irin ƙazanta ce wannan? Haka kuka bar mini ruwa?"

Mutumin da likita ya hana sunkuyo, ya sunkuya yana nishi, ya cusa hannu ya zare toshiyar. Ruwan ya zurara kwata, furannin suka kwanta cikin laka. Ya ce a miƙo masa buroshi.

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ta riƙe ni.

"Ƙyale shi," ta ce. "Tun da ya aure ni bai taɓa kallona ba sai in ya hango abin gyara."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko masa buroshin.