Amai Tisiyenji, Telar Amaren Chipata

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kullum kafin ƙarfe bakwai na safe, Amai (wato Mama) Tisiyenji Mbewe kan buɗe ɗan shagonta a bayan kasuwar Chipata, ta share ƙofa, ta ɗiga wa keken ɗinkinta mai, ta zauna jiran masu kawo ɗinki. Kayan amare ne sana'arta. Ba ta yi karatun jinya ba, amma ma'aikatan asibitin unguwa suna ɗaukarta tamkar ɗaya daga cikinsu.

Abin ya samo asali ne daga ƙanwarta Misozi. A ƙauye Misozi ta tashi, tana noma tun safe, tana ɗebo ruwa, kuma sai maza sun ƙoshi take cin abin da ya rage a tukunya. Da aurenta ya zo, sau biyu Amai tana rage mata riga. Ta ga ramar, ba ta ce komai ba. Shekara na zagayowa Misozi ta rasu wurin haihuwa, aka ce tun kafin ta ɗauki cikin jininta bai isa ba. Daga ranar Amai ta daina auna amarya ta yi shiru.

Takan ce awo yana gaya mata irin gidan da mace ta fito. Idan 'yar gona ce ramammiya, sai ta kira uwarta gefe ta ce a riƙa ware mata gyaɗa da wake da ƙananan kifi, kuma ta ci tare da kowa. 'Yan gari kuwa matsalarsu daban ce.

Sista Nyirenda, ungozomar asibitin, ba ta manta da Zelipa ba, mai sayar da katin waya, wadda ke wuni a zaune da shayi mai sukari da fanke. Zelipa ta je awon kayan aure wurin Amai tare da uwar angonta, tana haki.

Amai ta ce, "'Yata, a ƙafa kika zo?"

"A'a, Amai, mai keke ne ya kawo ni."

"To wannan hakin fa? Ko ke kika tuƙo shi?"

Zelipa ta yi dariya, amma uwar ango ta ɓata rai. "Haba Amai, ɗinki muka kawo ko asibiti muka zo? Ƙibar nan ai alamar hutu ce. Ɗana ba tsinke zai auro ba."

"Ni ma ban ce ya auro tsinke ba, 'yar'uwa. So nake ki goyi jika, uwarsa tana zaune tana kallonki."

Matar ta naɗe atamfarta suka fita. Bayan kwana uku sai ga Zelipa ita kaɗai. Ta ce kanta yana yawan ciwo, kuma mahaifiyarta tana da ciwon sukari. Amai ta rufe shago ta raka ta asibiti. Aka gwada, jininta ya hau. Sista Nyirenda ta gaya mata cewa nauyin da mace ta shiga ciki da shi yana iya taɓa lafiyarta da ta ɗanta, gara a gyara tun yanzu.

Zelipa ta rage tuwo, ta ƙara miyar ganyen kabewa, ta bar mai keke. Kullum da safe sai ta biyo ta ƙofar shagon a ƙafa, Amai ta ɗago kai ta ce, "Sukari cokali nawa yau?" Ita kuma ta ɗaga yatsa ɗaya. Ba ta zama siririya ba, amma jinin ya sauka. Shekara biyu bayan biki ta haifi mace lafiya. Uwar mijin da kanta ta kawo yadin rigar jaririya, ta ajiye a kan keken ɗinki ta ce, "Mai baki, ga shi. Ki ɗinka, amma kada ki auna ni."

Amai, ke ce kika yarda ki rasa mai kawo ɗinki a kan ki sake rasa amarya. Ke ce kike faɗa wa ramammiya da mai jiki gaskiya ba tare da kin kunyata kowa ba. Yanzu ido ya raunana, zare ya ƙi shiga allura, a ƙarshen watan nan za ki miƙa shagon ga 'yar ɗan'uwanki.

Mun gode, Amai. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma teloli da masu kitso da masu shirya amare, kuna ganin 'yan matan nan tun kafin ungozoma ta gan su. Idan kun lura da wani abu, ku faɗa musu da taushin murya, sannan ku raka su asibiti.