Gaisuwar Mutuwa a Ƙofa ta Gaba

Mu Hausawa duk farin mutum mai salla Balarabe ne a wurinmu. Haka na yi ta kiran maƙwabciyata a gidajen hayarmu na titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa, har ranar da ta tare ni a matakala, ta buga ƙirji ta ce ita Bakurdiya ce, in daina. Na so matar tun daga ranar, don ina son mutum mai tsiwa irina. Turancinta kaɗan ne, nawa ma ba na a zo a gani ba ne, amma kwano yana shiga yana fita tsakaninmu.

Wata Asabar da safe na dawo daga aikin kula da tsofaffi, na jiyo kuka ta bango. Na ƙwanƙwasa, 'yarta ta buɗe, ita ta yi mini bayani. Ƙanin maƙwabciyar tawa ne ya rasu. Ya daɗe da hawa duwatsun ƙasarsu tare da mayaƙan sunƙuru, sun kai hari wani sansanin sojan gwamnati, a nan aka harbe shi. Gawar tana hannun soja. Ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za a nuna.

Na koma ɗaki na kira Hajiya, shugabar ƙungiyar matanmu da ke zaune a Pleasant Garden. Duk wanda aka yi wa rasuwa a cikinmu, ita ke tara mu, a yi girki a je zaman makoki.

"Ke kam ba kya jin magana," in ji ta. "Wanda ya kai wa soja hari ai ɗan ta'adda ne. Ga mutane da papers ɗinsu na zaman ƙasar nan ba su kammala ba, ki ja mana immigration?"

"Hajiya, gaisuwar mutuwa na ce, ban ce mu ɗauki bindiga ba."

"Ke ce ma za ki faɗi haka? Ke da aka kashe miki ƙani?"

Nan raina ya ɓaci. Gaskiya ne, ƙanina soja ne. A wani ƙaramin sansani a dajin Borno aka afka musu, kuma har yau ba mu ga gawarsa ba. Amma ban ba kowa aron mutuwarsa ya rufe ƙofar wani da ita ba. Na ce, "Allah ya ba ki haƙuri, Hajiya, ni dai zan je," na kashe waya.

Gero nake da shi a firiza. Na jiƙa, na niƙa a blenda, na yi gumba irin ta sadakar mamaci, na yafa mayafi na shiga ni kaɗai.

An janye kujeru. Maƙwabciyata tana zaune a kan katifa jikin bango, mata biyu 'yan ƙasarsu suna ɗaya gefen, inda masu gaisuwa ke zama. Can na zauna ni ma. Na ce Allah ya jiƙansa, da Hausa, da ƙarfi, ban rage murya ba. Maƙwabciyata ta gutsuri gumbar, ta tauna a hankali, sannan ta yi wa 'yarta magana.

"Mama ta ce, ya aka yi kika san zaman nan haka?"

Ina iya cewa al'adarmu ce in yi shiru. Ban saba ɓoye ƙanina ba, ba kuma ranar zan fara ba. Na ce na rasa ƙani a irin wannan harin, sai dai shi yana daga cikin sansanin ne, sanye da kakin gwamnati.

Yarinyar ta fassara. Matan nan biyu suka ajiye kofunan shayi. Ɗayarsu ta faɗi wata magana mai kaushi, ba sai an fassara mini ba. Na gyara mayafi, na ce a raina in kora ce, da ƙafata na shigo.

Maƙwabciyata ta dube ni, sannan ta yi wa 'yarta magana.

"Ta ce, an ba ku gawarsa?"

"A'a."

Ta matsa gefe, ta buga katifar da tafin hannu. Na tashi na koma kusa da ita. Ba a jima ba wata tsohuwa ta shigo, ta durƙusa ta yi mata ta'aziyya, za ta miƙe. Maƙwabciyata ta riƙo hannun tsohuwar ta ɗora a kan nawa, ta ce da Turancinta na tsinta-tsinta, wai ni ma a yi mini ta'aziyya.