Na Jira Kamar Yadda Ka Ce, Yaya Dalhatu

Ranar Talata, 14 ga Janairu, 2025, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran yayana, Dakta Dalhatu Sajo Ɗanzomo, likitan ƙwaƙwalwa. Nasa Ya karɓa, mu ma muna tafe.

Yaya, masu gaisuwa sai zancen digirorinka suke yi. Ni ƙanwarka Jannatu, abin da na sani daban ne. Ina shekara goma farfaɗiya ta fara kayar da ni. Aka ware mini kwano da moɗa, wai yawuna na yaɗa ciwon. In na faɗi, kowa sai ya watse. Ka dawo hutu daga Gumel, ka zauna a tsakar gida, ka tsoma hannu a kwanona. Goggo ta rafka salati: "Dalhatu, kanka ɗaya kuwa?" Ka ce, "Goggo, ba a ɗauka. A ƙaro mana miya." Ka suɗe kwanon tas, don dama ba ka wasa da tuwo.

Ƙwayoyi sun ƙi karɓata, sai dai su bar ni da jiri. Shi ya sa kai da abokan bincikenka kuka shekara goma sha biyu kan wata 'yar na'ura da ba ta wuce ƙwallon dabino ba, wadda za a dasa a ƙarƙashin ƙoƙon kai ta riƙa ɗiga magani daidai inda ciwon ke tasowa. A kasuwar Maigatari har cewa aka yi za ka ɗinke wa mutane laya a ka. Dariya kawai ka yi.

Ranar da na faɗi a gaban ɗalibaina aka dakatar da ni daga koyarwa, na kira ka ina kuka, na ce ka dasa mini na'urar ko ba ta kammala ba. Ka ƙi. Ka ce, "Ba zan buɗe kanki, ko na 'yar wani, da abin da ban tabbatar ba. Ki jira." Wallahi na ji haushinka! Wata uku ban ɗaga wayarka ba. Yau kuwa, da wannan ƙin naka na fi alfahari.

Bayan addu'ar bakwai abokan aikinka suka kira: an ba da izinin gwada na'urar a jikin mutane. Ban yi shawara da kowa ba, na ba da sunana. Ko zan koma aji, Allah Shi Ya sani, amma ko ɗar ba na ji.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ya ba Goggo da matarka Fadimatu da yaranku haƙuri, Ya ba ni nawa. Ranar Litinin za a aske mini kai don a dasa ta. Kaico, da kana nan, da kai za ka riƙe mini hannu.