Tumatirin Yayana a Gubi

Shekarar da jikin Inna ya yi rauni, likita ya ce ta yawaita cin tumatir mai duhun ja. Yayana, Allah ya jiƙansa, ya samo irin, ya dasa kusa da dam ɗin Gubi. Duk tushen da ya ba ruwa sai ya zagaye shi da diddige, don kada ruwan ya gudu.

Kafin tumatirin ya nuna, Allah ya karɓi ransa. Rani ne, kuma ba wanda ya tuna da lambun sai bayan makoki. Na je ina tsammanin komai ya bushe. Sai na tarar da ƙasa a jiƙe, kowane tushe da sabon zagayen diddige.

Maƙwabcin lambun ya ce, "Malam, ba kai ke zuwa da hantsi sanye da malafar yayanka ba?"

Malafar kuwa tana rataye a ɗakin Inna.

Na nemi tsari, na tsinko nunannun. Na gaya wa Inna komai, na ce ko mu zubar. Ta daɗe tana kallon malafar.

"Don ni ya dasa," in ji ta. "Yi bisimilla ka yanka."

Washegari na koma, na tarar ƙasar ta bushe.