Kwamfuta Ta Rasa Sunan Ɗan Fari

Jama'a, yau kwamfuta ta nuna min matsayina a gidanmu.

Ina kafen intanet a Samaru ni kaɗai, ina haɗa shafin zuriyarmu. Firogiram ɗin ya tsaya cak, wai wani ba shi da suna. Na sa ya riƙa dubawa ko akwai suna kafin ya karanta, in babu ya nuna gurbin.

Ashe gurbina ne!

Na kira ƙanwata Rabi, wadda ta shigar da sunayen.

Ta ce, "Yaya, Inna ke faɗa ina bugawa. Ka san ba ta kama sunan ɗan fari. Ni ma ban lura ba."

Na kira Inna. Na ce, "Inna, faɗa min, wa ke magana da ke?"

Sai ta ce, "Ka ci abinci?"