Maigadin Ƙofa Ɗaya

Kawuna ya tsufa yana gadin tsohon gidan alƙali, wanda aka hana a yaɓa wa ko laka saboda tarihi. Duk ƙwararren da aka turo duba gyara sai ya zare tubali ɗaya, wai zai kai a gwada. Wani ma da taga ya tafi. Kawu ke taya su ɗauka, har da addu'ar sauka lafiya.

Ƙarshe ƙofa kaɗai ta rage, awaki na zagaya ta. Duk yamma sai ya kulle ta.

Matarsa ta ce, "Malam, me kake kullewa?"

Ya ce, "Masu gyara na tafe. So kike su tarar an shiga?"