Balon Lokotoro da Bagaruwar Kaka

Jama'a, ba a yanka Sale ba, kuma zai koma lakwal, makarantarsu!

Sale ƙanena ne, kashi ke kuɓce mishi a wando bai ko sani ba. Yara na toshe hanci, mushe, malaminsu, ya ce ya zamna gida sai ya warke. Kaka ta ce zawo ne, ta yi ta ɗura mishi jiƙon bagaruwa. Da hutu ya zo, Baba ya ce ni ɗan kolej in kai shi asibitin mishan.

Tabotaki zuwa Madawa

Bayan asuba munka hau motar haya kat-san-kat, mu da buhunan wake. Kaka ta cusa mini buta cike da jiƙonta. A bariyar Buza, shingen bincike, jandarma ya sunsuna ta.

"Kai ɗalibi, giya ce?"

"Wallahi shef, kurɓa ka ji."

Ya kurɓa, baki ya ɗaure, ya kore mu da hannu. Aparanti, yaron mota, ya yi ta dariya har Madawa. Can munka ci tuwo a tasha, munka kwan gidan Kawu. Sale bai ci ba.

"Yaya, yanka ni za su yi?"

"Sai dai su yanka mu tare."

Asibiti

Da hantsi kamiyon albasa, babbar mota, ya sabke mu bakin ƙofa. Lokotoro, wato likita, ya hiddo ɗan tiyo mai balo a kai, haɗe da wani abu kamar agogo. Malam Yohanna, infirmiye mai taimaka mishi, ya ce za a gwada ƙarfin naman dubura, a gani ko yana matsewa yana saki daidai.

Anka kwantar da Sale, anka sa mishi tiyon, anka hura iska kaɗan.

"Matse, ɗan samari!"

Allurar agogo ta tashi tsaye.

"Saki!"

Ta faɗi. Lokotoro ya ce nama lahiya lau, babu tiyata. Kashi ne ya ƙandare a ciki, ruwa-ruwa ke zurarowa ta gefe. Malam Yohanna ya buɗe butar ya riƙe kai: "Bagaruwa ɗaure ciki take! Ai ƙofar kuke ta ƙara kullewa!"

Anka wanke mishi ciki, anka ba mu magani, anka ce ya sha ruwa, ya ci zogale da kuɓewa.

Gida

Kashegari munka iso da la'asar, wando tas. Da munka gaya ma Kaka bayanin asibiti, ta ce, "To ku ba ni butata." Da safe ita ta tsinko zogalen.

Alhamdu lillahi, Allah ya saka ma Kawu da mutanen asibiti. Wanda ya karanta ya miƙa ma na kusa, musamman gidan da ake bugun yaro kan ɓata wando.